Kalar da ke tsakanin ruwan hoda da ruwan ƙasa: za ta yi kyau a falo?

"Assalamu alaikum, Malam. Mun kusa tarewa a sabon gidanmu a nan Kano, an gama filasta saura fenti. Na ga wata kala a hotunan gidaje a Instagram, ita ba ruwan hoda ba, ita ba ruwan ƙasa ba, tana tsakani, ba ta ɗaukar ido, kamar ɓawon busasshiyar albasa. Ita nake so a falo da ɗakina. Maigida ya ce ruwan hoda na ɗakin 'yan mata ne, ba zai sauke abokansa a ciki ba. Mai fentinmu kuma ya yi mana gwaji, ya zuba ruwan ƙasa a cikin ruwan hoda, sai abin ya fito da datti-datti, ba ya ko kama da wanda na gani. Falon taga biyu gare shi, duk suna kallon yamma. Tayil ɗin ruwan madara ne, kujerunmu kuma ruwan ƙasa mai duhu. Don Allah ina mafita?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya sa a tare lafiya, ya sa gidan albarka ne gare ku da zuri'a baki ɗaya.

Idan na fahimce ki daidai, kina son sanin ko wannan kala ta dace da falon da maza da mata za su riƙa zama, da kuma abin da ya sa gwajin mai fentinku ya ƙi fitowa kamar yadda kika gani a hoto. To, ta dace. Shekara 20 da 'yan kai ke nan ina sana'ar fenti, kuma tana cikin kalolin da na fi jin daɗin shafawa a gidajenmu. Sai dai kala ce mai son a lallaɓa ta. Fari ko ruwan madara, ko an yi musu aikin gaggawa suna rufa wa mutum asiri. Ita wannan kuwa, kuskure kaɗan a wajen haɗi ko wajen fitila sai ta juye ta koma wani abu dabam.

Asalinta jar ƙasa ce

Abin da nake so ki fara riƙewa, don duk sauran bayanin a kansa zai hau, shi ne asalin wannan kala jar ƙasa ce da aka sirka da fari. Jan da ke cikinta na tsatsar ƙarfe ne, wato abin da ke sa birji ya yi ja, shi ne kuma ke sa tukunyar ƙasa ta yi ja in ta fito daga wuta. A shagunan kayan fenti ana ce masa jan oksaid, yana kuma da ɗan'uwa mai ruwan ɗorawa, shi ma daga ƙarfe. Idan aka ɗauki farin fenti aka ɗiga masa waɗannan biyun, aka taɓa shi da ɗan baƙi, kalar da kika gani ce za ta fito.

Daga nan za ki gane inda gwajin ya kuskure. Ruwan hodar da ake sayarwa a bokiti a haɗe, yawanci da wani jan sinadari mai kaifi ake yin sa, irin wanda ya karkata wajen shuɗi. Shi kuma fentin ruwan ƙasa akwai baƙi da ruwan ɗorawa a cikinsa. In aka gwama su, shuɗi-shuɗin nan da ruwan ɗorawa da baƙi sai su kashe juna, a tashi da wani abu mai toka-toka da hanta-hanta, wanda ido ke karantawa a matsayin datti. Ba rashin iya aiki ba ne daga mai fentinku, hanyar da hankali ke fara ba mutum ke nan. Ni ma a farkon koyona haka na ɗauka ake yi, sai da maigidana a sana'a ya zaunar da ni ya nuna mini a bayan murfin bokiti.

Mu kuwa Hausawa ai ba baƙuwarmu ba ce. Kafin siminti ya shigo, da jar ƙasa ake yaɓe, a jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba a shafe bango da daɓe da ita, ta ba shi ƙarfi da wannan ja mai duhu-duhu. A cikin ɗaki kuma mata su bi bango da farar ƙasa. Inda farar ƙasar ta fara siraracewa, jan da ke ƙarƙashi ya leƙo, to kalarki ke nan tsaf. Ki dubi ragowar ganuwar Kano ko bangon Gidan Makama da la'asar sakaliya, ko hoton hasumiyar masallacin Agadez a Nijar, mai tsawon mita 27, wadda tsohon garin da take ciki ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013. Duk dangin kala ɗaya ne, wani ya fi wani duhu ne kawai.

Akwai wani gida da na yi wa aiki a cikin birni, muka shafa irin wannan kala a ɗakin mahaifiyar mai gidan, tsohuwa ce da ta haura 80. Da aka shigo da ita bayan ya bushe, ba ta ce uffan ba. Ta dogara sandarta ta je jikin bango, ta shafa shi da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa, ta sake shafawa, sannan ta juyo ta ce da ɗanta, "Kai, wannan ai ɗakin innata ne." Ta zauna a bakin gado ta daɗe tana kallon bangon. Har yau in zan haɗa wannan kala sai na tuna da hannun nan nata.

Turawa ma da suka mayar da ita abin yayi, daga ƙasa suka ɗauko ta. Kamfanin Farrow & Ball na Ingila yana da wata da ya sa wa suna Setting Plaster, saboda irin filastar da suke amfani da ita a can haka take bushewa da ja-ja mai haske. Dulux ya zaɓi 'yar'uwarta, Heart Wood, a matsayin kalar shekarar 2018, Sherwin-Williams na Amurka kuma ya zaɓi Redend Point a 2023. Na kawo miki sunayen ne don in kin je inda ake haɗa fenti da na'ura ki sami abin da za ki nuna musu, ba sai kin yi ta kwatance da baki ba.

Maganar maigida

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Shi in an ce ruwan hoda, abin da ke zuwa masa a rai shi ne na alewa da kayan wasan yara, kuma gaskiyarsa, wannan bai dace da falon magidanci ba. Amma ita kanta al'adar cewa ruwan hoda na 'ya'ya mata ne shigowa ta yi. A Amurka da Turai ta kafu, kuma can ma sai wajen tsakiyar ƙarni na 20 ta zauna daram. A Indiya akwai birnin Jaipur, wanda sarkinsa Ram Singh ya sa aka shafe shi da irin wannan ja mai ƙasa-ƙasa a 1876 domin tarbar yarima mai jiran gadon Ingila, har yau kuma tsohon birnin haka yake, da fada da kasuwa da ƙofofin gari. A nan gida ma, soron da dattawa ke zaman shawara da zauren da malami ke ba da karatu, da wace kala aka san su tun fil'azal?

Shawarata kada ki tsaya jayayya da shi a kan suna. Gani ya kori ji. Ki bari sai an shafa samfuri na gaskiya ya bushe, ki kira shi ya duba da idonsa, ki ce masa ruwan makuba ne mai haske, wanda kuwa gaskiya kika faɗa. Idan ya gani duk da haka bai kwanta masa ba, falo na kowa ne, sai a raba: bango ɗaya, wanda kujera mai zaman mutum uku za ta jingina da shi, a yi masa kalarki, sauran ukun a yi ruwan madara mai ɗan ja-ja. Ɗakinki kuwa ki shafe shi duka.

Haske shi ne rabin kalar

A nan zan daɗe, don a nan mafi yawan mutane ke yin da-na-sani. Wannan kala ba ta da fuska ɗaya. Da yake tana tsakanin ja da ruwan ƙasa da toka, duk hasken da ya sauka a kanta sai ya jawo ɗaya daga cikinsu ya fito da shi gaba. Bango ɗaya zai iya zama ruwan ƙasa da hantsi, ya koma ruwan goro da la'asar, da dare kuma ya yi hanta-hanta.

Tagoginki yamma suke kallo, kuma wannan muhimmin bayani ne da kika ba ni. Daga bayan azahar har zuwa faɗuwar rana, hasken da zai riƙa shigo miki mai ja ne da zafi, zai ƙara wa bangon ja a kan wanda yake da shi. Saboda haka a falon ki zaɓi wadda ta ɗan fi karkata wajen toka, mai ƙarancin ruwan ɗorawa, kuma ta fi wadda ranki ya so haske da mataki ɗaya. In kika ɗauki mai ja sosai, to a watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ke kan ganiyarsa, falon zai riƙa yi wa ido kama da bakin murhu da ƙarfe 4 na yamma. Fentin cikin ɗaki ba ya ƙara zafin da ma'auni zai nuna, wannan aikin rufi ne da taga, amma ido yana da nasa ma'aunin, kuma jiki na biye masa.

In kina karanta shawarwarin Turawa a intanet za ki ga suna ta maganar ɗakin da ke kallon arewa, wai haskensa sanyi gare shi. Wannan lissafin ƙasashensu ne, inda rana ba ta taɓa zuwa tsakiyar ka. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta ranar tsaka ma ta arewa da mu take bi. Mu a nan, gabas da yamma su ne abin lura. Sai kuma hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta rufe sararin sama. A watannin nan haske yakan dusashe, kalar ta kwanta ta yi laushi, kuma a lokacin ne za ki gode mata, don ƙurar da ke tona wa farin bango asiri a kwana uku, a jikin wannan sai ta saje.

Sai babbar magana, ƙwan fitila. Yawancin ƙwayayen da ke kasuwanninmu farare ne fat, in kika duba kwalin za ki ga an rubuta 6500K, wato lambar da ke nuna launin hasken ƙwan. Haskensu yana da shuɗi a ciki, shuɗi kuwa in ya sauka a kan wannan kala sai ya tsotse jan, ya bar ki da bango mai kama da toka da aka zuba wa ruwan zoɓo. Na sha ganin an yi fenti mai kyau, uwargida ta yi murna da rana, da aka kunna wuta bayan magariba sai ranta ya ɓaci, a kira ni a ce fentin ya lalace. Ban taɓa bokiti ba, ƙwai kawai na canza, gida ya dawo. Ki nemi mai 3000K, shi ne mai ɗan ja-ja kamar hasken hantsi. In maigida ko yara suna karatu a falon suna son ya fi haka fari, 4000K ma ya yi. Wasu kwalayen suna ɗauke da wata lamba kuma, CRI, wadda ke nuna yadda ƙwan ke fito da kala a gaskiyarta. Mai 80 shi ne gama-gari, in kin sami mai 90 ki saya, don ja ne ya fi shan wahala a ƙarƙashin ƙwai mai araha. Kuma tunda kalar ta fi fari shan haske, ki ƙara ƙwai ɗaya ko biyu a kan abin da aka tsara.

Yadda za ki yi gwajin kuwa, kada ki yarda da ɗan katin kala, balle hoton waya, wanda gilashinsa ke haskowa daga ciki kuma mai ɗaukar hoton ya riga ya gyara shi. A sami falle na filawud mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1, a fara yi masa fari, sannan a shafa masa kalar hannu biyu, a bar shi ya bushe sarai, domin fentin ruwa yakan ƙara duhu in ya bushe. A yi guda biyu ko uku masu bambancin duhu. Ki riƙa jingina su a bangon da ke fuskantar taga, da wanda tagar ke jikinsa, da kuma lungu, ki sauke su har ƙasa su taɓa tayil. Ki duba da hantsi, ki duba da la'asar, ki duba bayan isha'i da ƙwan da za ki yi amfani da shi, har ma da fitilar caji ranar da aka ɗauke wuta. Kwana uku kina haka. Sannan ki sani duk abin da kika gani a kan falle, a bango huɗu sai ya fi haka ƙarfi, saboda kowane bango yana jefa wa ɗan'uwansa kalarsa. Shi ya sa na ce ki sauko mataki ɗaya.

Wajen haɗawa

Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce a je wurin da ake haɗa fenti da na'ura, irin shagunan manyan kamfanoni kamar Dulux da Berger, a zaɓi kala mai lamba. Amfanin lambar shi ne bayan shekara biyu in yaro ya zana miki bango da biro, za a iya haɗa miki irinta. Wasu katunan suna nuna lambar LRV, wadda ke gaya miki kashi nawa cikin 100 na haske kalar ke maidowa. Don falo irin naki, ni tsakanin 45 da 55 nake zaɓa. A ɗakin kwana ana iya sauka zuwa wajen 35, don can duhu-duhun ni'ima ne.

In kuma aljihu bai kai nan ba, da hannu za a haɗa, to ga yadda nake yi. Ina farawa da farin fentin ruwa mai kyau, in sa jan oksaid kashi biyu, mai ruwan ɗorawa kashi ɗaya, sannan baƙi ɗan mitsitsi, da tsinke nake ɗiga shi. Kaɗan-kaɗan ake zubawa ana juyawa ana gwadawa, don ƙarawa ba wuya, ragewa ce babu. A yi amfani da ruwan kala na kwalba wanda aka yi don fenti. Garin oksaid ɗin nan da ake barbaɗawa a daɓen siminti, in aka zuba shi a bushe sai ya dunƙule, rola ta riƙa fasa shi a jikin bango yana barin jan layi. In shi kaɗai ake da shi, a dama shi da ruwa ya yi laushi kamar kunu, a tace da ƙyalle. Wani alherin oksaid kuma, ba ya koɗewa a rana kuma siminti ba ya cin sa, saɓanin jan sinadarin nan mai kaifi da kan yi fari-fari a bangon da rana ke duka.

Ko da na'ura aka haɗa ko da hannu, kafin a fara shafawa a juye duk bokitan a babban mazubi ɗaya a gauraya su. Bokiti biyu ba sa taɓa zama daidai cif, kuma a wannan kala bambanci kaɗan ma sai ya nuna a tsakiyar bango.

Ga lissafin yawa don kada a cuce ki ko fenti ya yanke a tsakiyar aiki. Falo mai tsawon mita 5, faɗin mita 4, tsayin mita 3, in an cire ƙofofi da tagogi bangonsa zai kai murabba'in mita 47 ko kusa da haka. Fenti mai kyau a kan bango mai santsi, lita ɗaya tana rufe wajen murabba'in mita 10 a hannu ɗaya, hannu biyu kuwa dole ne, ke nan kina neman kusan lita 10. Ɗakin kwana mai ƙafa 12 da 12 zai ci wajen lita 8. Bokiti mai lita 20 zai iya isar su duka biyun har a sami ragowa. Fenti mai araha ba zai kai haka ba, sai an yi hannu uku ko huɗu, a ƙarshe kuɗin ya zo ɗaya, kuma da ma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Bangon da za a shafa

Kin ce an gama filasta, amma ba ki faɗi yaushe ba. Sabuwar filastar siminti tana buƙatar aƙalla kwana 28 kafin fenti ya hau ta, in da damina ne ma a ƙara. Kafin nan akwai ruwa a cikinta, akwai kuma kaifin siminti mai kama da na kanwa, wanda ke ƙona fenti ya kuma turo wani farin gishiri waje. A farin bango ba a cika lura ba. A wannan kala kuwa fili yake fitowa, tabo-tabo kamar makero.

Ni kaina na taɓa faɗawa. Wani bawan Allah biki ya matso shi, saura kwana 12 a kawo amarya, filasta kuma ba ta fi kwana 10 da gamawa ba. Na san bai kamata ba, amma ya roƙe ni na kasa cewa a'a. Ranar jere ɗakin ya yi kyau har 'yan kai kaya suna tambayar wa ya yi. Bayan wata biyu ya kira ni. Na tarar da ƙasan bangon ya yi fari-fari, fentin yana tashi kamar ɓawon ƙwai, amarya ta jawo kujera ta tare wurin don kunyar baƙi. Sai da muka fitar da kaya tsakar gida, muka kankare, muka jira, muka sake, kuma ban karɓi kuɗin hannu ba, don laifin nawa ne da na san gaskiya na yi shiru. Tun daga ranar ba na shafa fenti a ɗanyen bango, kowa ya aiko.

Gwajin danshi ba wuya. A yanki farar leda kamar faɗin faranti babba, a manna ta a bango da salatif ta kowane gefe, a bar ta kwana ɗaya cur. In aka ɗaga aka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, bango bai shirya ba. In ya bushe, sai a yi sikiridin, wato a bi bangon da kwaɓi mai laushi ya yi sumul, a goge da sanfefa, a share ƙurar, a shafa firaima, wato fentin share fage, mai jure kaifin siminti hannu ɗaya, sannan kala ta hau.

Game da sheƙi, wannan kala ta fi kyau in ba ta ƙyalli, don haka take kama da ƙasar da ta fito daga ciki. Fentin mai mai sheƙi yana mayar da ita kamar roba. A ɗakinki ki sa maras sheƙi. A falo kuwa, inda yara za su riƙa dafa bango da hannun miya, ki nemi satin mai ɗan sheƙi kaɗan wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, amma ki sani satin yana tona duk wani tudu da kwari na bango, sai sikiridin ya yi kyau. Akwai kuma tsohuwar dabarar nan da na so a ce ba a watsar ba, ta raba bango biyu: daga ƙasa zuwa tsayin mita 1 a yi ruwan makuba mai duhu wanda ake wankewa, daga nan zuwa sama a yi mai hasken. A gidan da ke da ƙananan yara ba abin da ya kai ta.

Abin da zai zauna da ita

Kin yi sa'a da tayil. Ruwan madara da wannan kala 'yan ɗaki ɗaya ne. Da a ce tayil ɗin nan ne mai ruwan toka da shuɗi-shuɗi da ya cika sababbin gidaje yanzu, da na ce ki sake tunani, don su biyun ba sa jituwa, kowanne sai ya sa ɗan'uwansa ya yi kama da mai datti. Silin ma kada a yi masa fari fat. A ɗiga wa farin ɗan kaɗan daga kalar bangon, ko a yi masa ruwan madara mai haske, sai idon mai shigowa ya wuce daga bango zuwa sama ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Kujerunki masu duhu za su zauna lafiya, sai dai in aka tsaya nan falon zai yi nauyi, komai ƙasa-ƙasa. Yana buƙatar abin da zai farkar da shi, kuma abu biyu na fi yarda da su. Na farko shuɗin baba, irin na marinar Ƙofar Mata. Ki sa a ɗinka miki rigunan filo uku ko huɗu da rinannen yadi ki jefa a kan kujerun, ki ja da baya ki gani. Jar ƙasa da baba sun daɗe tare a garin nan, duk wanda ya taɓa ganin mai baƙin rawani tsaye a jikin katangar ƙasa ya san haka. Na biyu kore mai duhu irin na ganyen darbejiya, ko a labule ko shuka mai rai a tukunya. Ki dai lura, kore yana ƙara fito da jan bango, don haka in kina son maigida ya ci gaba da ganinsa a ruwan makuba, shuɗin ya fi.

Tagulla tana haskawa a jikinta, irin farantan Bida, haka tumtum na fata, da faifai masu ado in aka jera su a bango, da katakon maɗaci. Labule kuwa ruwan madara mai kauri, saboda ranar yamma. Abin da zan roƙe ki ki guje masa shi ne biye wa kalar da 'yan'uwanta, labule ruwan hoda, kafet ruwan hoda, furannin roba ruwan hoda. Da zarar an yi haka bangon zai bi su, ya zama abin da maigida ya ji tsoro tun farko. Ja mai kaifi da ruwan azurfa mai ƙyalli su ma ba sa yi mata kyau.

Duk abin nan da na faɗa, ban ga falonki da idona ba. Tsayin katangar maƙwabta, ko bishiya a bakin taga, ko rumfar mota, kowanne yana iya canza hasken da ke shigowa, shi ya sa fallen gwajin nan ya fi maganata. Sannan in gwajin leda ya yi ta nuna ruwa a ƙasan bango bayan wata guda ya wuce, to ruwan daga tushen gini yake hawowa ko bututu ne ke yoyo, wannan kuma ya fi ƙarfin mai fenti, sai a kira magini ko injiniya ya duba kafin a sayi ko galan ɗaya.

In an gama aiki, ki sa a zuba miki lita ɗaya a roba mai murfi, a rufe ta ruf a ajiye inda rana ba ta kaiwa. Lambar kalar da sunan fentin kuma a rubuta su da biro a saman ƙyauren ƙofar falon, can gefen da ba a gani, don takarda ɓata take yi a hidimar tarewa. Ki gaishe mini da maigida.